Tsofaffin wasanni sun ƙi tafiya a sabon laftof: faifan ne suka mutu ko na'urar ce?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Nima, nan Akra. Yayana ya bar mini kwalin faya-fayan wasannin kwamfuta na da, irin na bin labari da warware matsala, waɗanda muka yi ta bugawa a ɗakinsa muna yara. Na sayi laftof hom-yus, wato na hannu, a Circle mai Windows 11, na haɗa da na'urar karanta faifai ta USB. Grim Fandango ya ƙi ma shiga, ina danna Setup sai Windows ya ce manhajar ba za ta yi aiki a kwamfutata ba. Broken Sword ya shiga, amma allon baƙi ƙirin, kiɗa kawai nake ji. Quest for Glory IV na tayar da shi da DOSBox har na yi nisa, amma duk sanda na kai wurin fadama sai ya rubuta Error 52 ya fita. Mai gyara ya ce ko dai faifan sun mutu, ko in kawo ya goge komai ya sa mini Windows 7. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Abin da kake tambaya shi ne ko laifin na faifan ne ko na laftof ɗin, kuma alamomin da ka lissafa sun nuna duka biyun lafiyarsu ƙalau. Wasanni uku ka ambata, ciwo uku ne daban-daban, kowanne da maganinsa. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: an rubuta kowannensu ne da zaton kwamfutar da zai hau tana da wani irin gudu, wani irin allo, wani irin katin sauti, kuma wannan kwamfutar ta daɗe da barin kasuwa. Quest for Glory IV na 1993 ne, Broken Sword na 1996, Grim Fandango na 1998. Aikin gyaran duka shi ne gano wane zato ne ya karye, sannan a ba wasan abin da yake nema ko a yaudare shi ya ɗauka ya samu.

Maganar faifai tana da gwaji mai sauƙi, kuma da shi nake fara kowane aiki irin wannan. Ka buɗe folda a C, ka sa mata gajeren suna kamar Wasanni, ka kwafe duk abin da ke cikin faifan zuwa ciki. Idan kwafin ya kai ƙarshe Windows bai yi ƙorafi ba, faifan na da rai. Faifan da ya lalace yana tsayawa a fayil ɗaya, na'urar ta yi ta gurnani, sannan ka ga saƙon cyclic redundancy check. In haka ta faru, ka goge shi da tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, ba kewaye ba, domin ƙarcen da ya bi zagayen faifai ya fi ɓata karatu. Kwalin da ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru yawanci goge-gogen nan kaɗai yake bukata. Bayan kwafin, ka danna dama a kan foldar, ka shiga Properties, ka cire alamar Read-only, don wasu fayilolin suna tahowa daga faifai a kulle, wasan ya kasa rubuta saitinsa.

Shawarar Windows 7 kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Microsoft ta daina ba shi kariya tun Janairun 2020, kuma a wannan laftof ɗin za ka riƙa buɗe imel da harkar kuɗinka. Sannan in mai 64-bit aka sa maka, Grim Fandango zai ƙi shiga kamar yadda ya ƙi yanzu, kuma a Windows 7 ɗin ne ma aka fi fama da rikicewar launi a wasanni masu launi 256. Za ka rasa fayilolinka, ka biya kuɗin aiki, ka dawo gida da matsalarka.

Error 52 da matsalar gudu

Wannan ita ce ta fi cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke bayan yawancin abin da mutane ke ɗauka lalacewar wasa ce. Ka ɗauka mai koko ta ce wa yaronta: ka ƙirga ɗari sannan ka sauke tukunya. Muddin yaron nan ne ke ƙirgawa da irin bakinsa, kokon zai nuna daidai kullum. Ranar da aka kawo wani mai saurin baki ya gama ɗari cikin numfashi biyu, an sauke ɗanyen gasara, alhali umarnin bai canza ba. Haka masu rubuta wasanni da yawa suka yi. Maimakon su ce wasa ya jira daƙiƙa uku ta agogo, sai suka ce ya jira zagaye kaza na aikinsa. A kan kwamfutoci masu firosesa 386 ko 486 na wancan zamani lissafin yana fitowa daidai. A kan na'ura mai sauri, abu biyu da ya kamata ɗaya ya gama kafin ɗaya ya fara sai su yi karo: wasa ya aika umarni ga abin da ya riga ya share daga ƙwaƙwalwarsa, ko wanda bai gama ƙirƙira ba, sai ya faɗi. Error 52 na fadamar Quest for Glory IV sananne ne tun zamanin Pentium, kuma ba shi kaɗai ba ne a wasannin kamfanin Sierra. Space Quest 6 na da nasa Error 47. A Space Quest IV na faifai, 'yan sandan da ke binka suna harbe ka tun ba ka ɗaga ƙafa ba, ka yi ta zaton kai ne ba ka iya ba.

Za ka ce ai a cikin DOSBox kake, wanda aikinsa ke nan kwaikwayon tsohuwar na'ura. A nan gizo ke saƙa. DOSBox 0.74 yana zuwa da saitin cycles=auto. Ma'anarsa, in wasan na tsohon salon DOS ne, tsarin da kwamfuta ke tafiya a kai kafin Windows, zai ba shi gudun 3000, amma in ya ga wasan ya shiga yanayin 32-bit sai ya sakar masa linzami gaba ɗaya, ya ba shi duk ƙarfin da laftof ɗinka ke iyawa. Quest for Glory IV yana cikin rukuni na biyu. Wato ka gina masa tsohon gida, ka sa masa injin jirgi.

Ka duba saman tagar DOSBox, za ka ga an rubuta Cpu speed, in ka ga max a wurin to magana ta tabbata. Ctrl da F11 na rage gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa. A laftof da yawa layin F ɗin an ba shi aikin haske da ƙarar sauti, sai ka haɗa da Fn kafin ya ji ka. Amma gyara mai ɗorewa a fayil ɗin saiti yake. Ka buɗe DOSBox Options, ka nemi sashen cpu, ka mayar da layin ya zama cycles=fixed 12000. Wannan ya yi kusa da 486 mai megahaz 33. Kimanin 6000 yana kama da 386 mai kyau, kimanin 24000 kuma 486 mai megahaz 66. Na fi son farawa daga 12000 ga wasannin 1992 zuwa 1994: in tafiyar jarumin ta yi nauyi ko murya na sarƙewa, a ƙara dubu biyu-biyu har ta daidaita. In ka iso fadamar, ka ajiye wasa kafin ka shiga, ka sauke gudun ƙasa sosai, ko da 6000 ne, ka haƙura da jan ƙafar har ka wuce wurin, sannan ka mayar. Akwai kuma maɓallin gudu da na yawan ƙawa a cikin saitin wasan kansa, rage su yana taimakawa.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na barin max a nan ƙasar. Laftof yana rage ƙarfin firosesa da zarar ya koma kan batir. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar wasa, gudun da max ke bi sai ya sauka farat ɗaya, kiɗa ya fara tsattsagewa, in wuta ta dawo ya sake zabura. Lamba tsayayya ba ruwanta da dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar nan.

Wani ɗan'uwan wannan ciwo shi ne Runtime error 200, wanda ke kama manhajojin DOS da aka rubuta da Turbo Pascal da zarar firosesa ya wuce megahaz 200 ko makamancin haka. In ka ci karo da shi a wani faifan cikin kwalin, rage gudu a DOSBox shi ne maganin.

Hanyar da na fi ba ka shawara

Duk da bayanin nan, wasanninka uku suna da hanya mafi sauƙi, wato ScummVM. Kyauta ne, an fara shi a 2001 don wasannin LucasArts, daga baya ya rungumi na Sierra da na Revolution da wasu da dama, kuma tun da aka haɗe shi da wata manhaja irinsa mai suna ResidualVM a 2020 yana ɗaukar Grim Fandango. Bambancinsa da DOSBox babba ne. DOSBox yana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ya ɗora tsohon wasan a kai da duk kurakuransa. ScummVM kuwa yana jefar da injin wasan na asali, ya karanta hotuna da muryoyi da labarin da sabon inji da aka rubuta don na'urorin yau. Masu aikinsa sun bi rubutun wasannin Sierra sun ɗinke kurakuran gudu da yawa, har da na Quest for Glory IV. Ba ka bukatar Setup ko kaɗan, fayilolin bayanai kawai yake so. Ka sauke shi daga shafinsa na asali, ka danna Add Game, ka nuna masa foldar.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wasanni masu faifai biyu. A Broken Sword, kowane faifai yana da fayil mai suna SPEECH.CLU, sunan ɗaya amma abin ciki daban: na farko muryoyin Faris ne, na biyu na sauran ƙasashen da labarin ya kai ka. In ka kwafe faifai na biyu a kan na farko, Windows ya tambaye ka ko a maye gurbi ka ce e, ka share rabin muryoyin wasan da hannunka. Ka sake wa na faifan farko suna SPEECH1.CLU, na biyu SPEECH2.CLU, ka ajiye su tare. Sauran foldoji irin na kiɗa da na bidiyo sai ka haɗe abin cikinsu wuri ɗaya. Grim Fandango kuma yana son duk fayilolin da suka ƙare da LAB daga faifan biyu, da kuma facin, wato fayil ɗin gyara, da LucasArts ta fitar, GFUPD101.EXE. Ba sai ka danna facin ba, ajiye shi kawai za ka yi a foldar, ScummVM zai ɗebi abin da yake so.

Abu ɗaya da zai yi maka ciwo: galibi ScummVM ba ya karanta ajiyar da ka yi a DOSBox. Tunda ka yi nisa a Quest for Glory IV, ni da kai ne sai in gyara gudun in ƙarasa shi a DOSBox, sauran biyun in fara su a ScummVM.

In hoto ya yi maka kamar an danne shi, fuskoki sun yi faɗi, ka kunna Aspect ratio correction. Wasannin DOS da yawa ɗigo 320 a 200 suke zanawa, tsohon allon mai ƙeya kuma yana miƙe su tsaye su cika siffar 4 a 3. Allon laftof ba ya yin wannan da kansa. A DOSBox layin aspect=true ne ke yin aikin.

Me ya sa Setup ya ƙi?

Grim Fandango kansa wasa ne mai 32-bit, kuma Windows 11 yana iya tafiyar da irinsa. Ɗan manhajar girkawar ce mai 16-bit, gadon zamanin Windows 3.1, kuma duk Windows mai 64-bit ba ya tafiyar da 16-bit. Windows 11 kuwa ba shi da wani nau'i sai 64-bit. Ƙofar ce ta ƙi buɗewa, ɗakin lafiya lau. Za ka gamu da wannan a faya-fayai da yawa na 1995 zuwa 1999. In wasan ba ya cikin jerin ScummVM, akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna otvdm, wasu na ce mata winevdm, da ke tafiyar da manhajojin 16-bit a Windows na yau. Ka ja SETUP.EXE ka sake shi a kanta, girkawar ta tafi.

Kuma ko wane wasa za ka girka, kada ka bar shi ya shiga Program Files. Windows na yau yana hana rubutu a can, sai ya karkatar da ajiyar wasan a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore a cikin AppData. Ranar da ka tayar da wasan a matsayin administrator zai duba ainihin wurin ya ga wayam, ka ɗauka ajiyarka ta ɓace. Foldar Wasanni da ka buɗe a C ta raba ka da wannan.

In ka nace sai ka buga Grim Fandango da injinsa na asali, ka san yana rikicewa a firosesa mai rassa da yawa masu aiki lokaci guda, ya daskare ko murya ta maƙale. Ana ɗaure shi a reshe ɗaya: Task Manager, Details, danna dama a kan wasan, Set affinity, ka bar CPU 0 kaɗai. Yana kuma da nasa ciwon gudu a wurin lifta a shekara ta biyu ta labarin, inda liftar ke wucewa kafin ka yi abin da ake so, facin 1.01 ɗin nan ne ya gyara shi.

Baƙin allo da kiɗa na tafiya

Wannan alama ce cewa wasan yana raye, hoton ne bai iso ba. Broken Sword na Windows yana zane ta DirectDraw, tsohuwar hanyar Windows ta nuna hoto, yana neman allo ya koma 640 a 480 mai launi 256. Katin hoto na yau ba ya shiga wannan yanayin da gaske, Windows ne ke kwaikwaya, kuma kwaikwayon ba kullum yake dacewa ba. ScummVM ya kawar maka da wannan gaba ɗaya. Ga sauran wasannin da ba ya ɗauka, ka danna dama a kan fayil ɗin wasan, Properties, Compatibility, ka gwada Reduced color mode a 8-bit, sannan 640 x 480, sannan yanayin Windows 98, sannan ka shiga saitin high DPI ka hana Windows miƙa hoton. Ɗaya bayan ɗaya, kana tayar da wasan bayan kowane canji. Na ga ana kunna akwatunan nan duka lokaci guda, in wasan ya tashi ba a san wanne ya yi aiki ba, in ya ƙara lalacewa ba a san wanne za a cire ba.

In hakan bai yi ba, sai a sa masa tafinta, wato ƙaramin fayil da ke karɓar tsohon yaren hoto ya mayar da shi na yau. DDrawCompat da cnc-ddraw fayil ɗin ddraw.dll suke ba ka, ka ajiye kusa da fayil ɗin wasan. dgVoodoo2 ya fi su faɗi, yana ɗaukar har wasannin da aka yi don katin 3dfx, kuma fayilolin da ke foldarsa ta x86 za ka kwafa tunda wasannin 32-bit ne. A foldar wasan kaɗai ake sa su. Kada ka kuskura ka kai su cikin foldar Windows.

Sauti ba shi da wahala sosai. A DOSBox, in Setup na wasa ya tambaye ka, ka zaɓi Sound Blaster 16, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, babban DMA 5. Da yawa na sa IRQ 5 saboda shi suka saba gani a katin gaske, sai kiɗa ya fito murya ta ƙi, ko wasan ya tsaya cak a kalmar farko. Kada ka zaɓi Roland MT-32, wata tsohuwar na'urar kiɗa, in ba ka da abin kwaikwayonta, kayan kiɗan za su fito a hargitse. Wasu faya-fayan kuma, irin su Loom da The Secret of Monkey Island, sautinsu a jere yake kamar faifan waƙa, kwafin fayiloli ko hoton faifai na ISO ba ya ɗauko shi, sai an yi hoton faifan a tsarin BIN da CUE.

Abin da ba kuskure ba ne

Tunda kwali guda gare ka, za ka kai inda za ka maƙale ka rantse wasan ya lalace alhali haka aka gina shi. A King's Quest V na 1990, in ba ka jefi kyanwar da ke bin ɓera da takalmi ba, babu mai kwance ka ranar da aka ɗaure ka a ƙarƙashin masauƙi. In ka cinye wainar da ka saya, ba ka da abin jifan dodon ƙanƙara can gaba. Wasan ba zai gaya maka ba, zai bar ka ka yi ta yawo. Wasu wuraren kuma kariya ce daga masu kwafi: dutsen da ake hawa a King's Quest VI sai da ɗan littafin da ya zo cikin kwalin, The Secret of Monkey Island na filofi kuma da wani faifan takarda mai juyawa. Don haka ka duba ƙasan kwalin yayanka da kyau, kada ka zubar da ko takarda ɗaya. Ka kuma saba da ajiya a gurbi da yawa kana juyawa. Batirin hom-yus ba abin dogaro ba ne, in na'ura ta mutu tana tsakiyar rubuta ajiya, wannan gurbin ya tafi.

Akwai inda dabarun nan ke tsayawa. Faya-fayan wajen 1999 zuwa sama masu kariyar SafeDisc ba sa tashi a Windows 10 da 11, domin Microsoft ta cire direban da kariyar ke dogaro da shi saboda haɗarin tsaro. A nan ne mutane ke rugawa su sauke fayil ɗin da aka fasa daga shafukan da ba a san mai su ba, su kwaso ƙwayar cuta. Gara ka nemi wasan a shafin GOG, wanda tun 2008 yake sayar da tsofaffin wasanni babu kariyar faifai, da yawansu an riga an naɗe su da DOSBox ko ScummVM. Wasu kuma na zamanin Windows 95 da 98, musamman masu dogaro da tsohuwar manhajar bidiyo ta QuickTime, ba sa yarda da komai sai ainihin tsohon Windows. Su sai 86Box ko PCem, masu kwaikwayon kwamfutar Pentium sukutum, ka girka Windows 98 a ciki. Suna cin ƙarfin firosesa sosai, laftof mai rauni zai riƙa sarƙe sauti, kuma aikin saitawar na yini guda ne.

In ka bi matakan nan wani wasan ya ci gaba da fita, ka buɗe Event Viewer, Windows Logs, Application, ka nemi jan layin da ya dace da lokacin da ya faɗi, ka kwafo sunan da ke gaban Faulting module name. In ddraw.dll ne ko direban katin hoto, matsalar ta hoto ce. In fayil ɗin wasan ne da kansa, a koma kan gudu da faci. Ka turo mini wannan sunan, da ainihin saƙon da ya fito harafi da harafi, da wurin da kake a labarin, da lambar gudun da ke saman tagar DOSBox a lokacin.